Tafiyar Ruwan Azurfa a Jikin Ɗan Adam: Yadda Hanji Yake Tsotse Shi da Inda Yake Ƙarewa

1.0 GABATARWA

A cikin watan Agusta na shekarar 2014, sa'ad da cutar Ebola take tsakiyar tayar da hankalin jama'a a Legas, Ministan Lafiya na Nijeriya na wancan lokaci, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya ba da sanarwar cewa an sami wani magani mai suna Nano Silver wanda za a gwada a kan waɗanda suka kamu. Ba a yi 'yan kwanaki ba sai aka janye maganar, aka ce maganin bai cika sharuɗɗan da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa suka gindaya ba. Allah ya sa aka ci ƙarfin annobar ba tare da shi ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa Nijeriya ta rabu da cutar ran 20 ga Oktoba na wannan shekara. A shekarar 2020 kuma, da cutar korona ta game duniya, wani mai wa'azi ta talabijin a Amurka, Jim Bakker, ya riƙa tallar irin wannan ruwa a matsayin maganinta. Jihar Missouri ta kai shi ƙara, aka daidaita a 2021 a kan zai mayar wa waɗanda suka saya kuɗi har dala 156,000.

Abin lura shi ne, duk sa'ad da annoba ta auku, mutane suka rasa tudun dafawa, sai ruwan azurfa ya sake kunno kai. Hujjar masu sayar da shi kuwa ba ta wuce biyu. Ta farko, azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta. Ta biyu, an niƙe ta ƙanana ƙwarai, saboda haka jiki yana tsotse ta cikin sauƙi, ta yi aikinta, ta fice ba ta bar kome ba. Hujjar farko gaskiya ce, muddin a cikin kwalbar gwaji ake magana, ko a kan fatar da ta ƙone. Hujja ta biyu ita ce wannan maƙala za ta auna, ta hanyar bin sawun azurfar tun daga baki har inda take yada zango, don a ga nawa ne yake shiga jini, a wace kama yake shiga, kuma me yake zama bayan ya shiga.

2.0 MA'ANAR WASU KALMOMI

Azurfa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, gama maƙeran fari sun daɗe suna ƙera zobba da mundaye da ita. Amma sanin azurfar ado dabam, sanin azurfar sha dabam, don haka ya kamata a fara daidaita kalmomin da za a yi amfani da su.

In aka zuba gishiri a ruwa aka motsa, sai ya ɓace, ruwan ya tsaya garau. Wannan shi ne narkewa. In kuwa aka dama kamu da ruwan sanyi aka ajiye, ba da jimawa ba kamun zai kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. Tsakanin waɗannan biyu akwai hali na uku, wanda madara take misalta shi. Ko an yaɗe man da ya taso a kanta, ragowar tana nan fara, ba a hangen abu ta cikinta, ba ta kuwa kwanta kamar kamu, domin abin da ke cikinta ya yi ƙanƙantar da nauyinsa ba ya iya janyo shi ƙasa. Wani masanin kimiyya ɗan Sikotilan, Thomas Graham, shi ya raɗa wa irin wannan gauraye suna koloyid a shekarar 1861, daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo. To, ruwan azurfa koloyid ne, watau ƙarfen azurfa da aka mayar ƙananan gutsattsari suna yawo a cikin ruwa. Ana auna girmansu da nanomita, wadda take kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Yawancinsu suna tsakanin nanomita 1 zuwa 100, alhali kaurin silin gashin kan mutum ya kai kimanin nanomita 80,000.

A cikin kwalbar akwai azurfa iri biyu, kuma bambanta su shi ne mabuɗin dukan bayanin da zai biyo baya. Akwai burbushin azurfa, watau gutsattsarin da aka ambata, kowanne dunƙulen ƙwayoyin zarra masu yawa ne, ƙarfe ne sosai kamar na zobe. Akwai kuma narkakkiyar azurfa, wadda masana suke kira ayon, watau ƙwayar zarra guda ɗaya tilo da ta rabu da 'yan'uwanta, tana ɗauke da cajin lantarki wanda yake sa ta manne wa duk abin da ya dace da ita. Narkakkiyar ita ce mai kisa. Takan kama sinadarin farar wuta da ke cikin furotin na ƙwayar cuta, ta hana shi aiki, ƙwayar ta mutu. Burbushi kuwa tamkar rumbu ne da yake sakin narkakkiyar kaɗan-kaɗan. Ruwan da burbushi ya yi yawa a cikinsa yakan yi ɗorawa-ɗorawa, wanda kuwa ya yi garau kamar ruwan sama yawancin abin da ke cikinsa narkakkiya ce. Ƙarfinsa ana rubuta shi a jikin kwalba da kashi cikin miliyan: kashi 10 cikin miliyan yana nufin miligiram 10 na azurfa a lita ɗaya.

3.0 TAƘAITACCEN TARIHI

Likitocin Turai sun yi amfani da azurfa sosai kafin a sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta na zamani. A shekarar 1881 Carl Credé, likitan haihuwa a Leipzig ta Jamus, ya bayyana hanyar ɗiga ruwan gishirin azurfa, wanda ake kira naitiret, a idon jarirai, don kare su daga makantar da ciwon sanyi na uwa yake haddasawa. Hanyar ta ceci idanu masu yawa. A 1889 wani Ba'amurke, Carey Lea, ya bayyana yadda ake haɗa koloyid na azurfa, kuma ba a jima ba kamfanoni suka shiga fitar da magunguna irin su Protargol a 1897 da Argyrol a farkon ƙarni na 20, ana ɗiga su a hanci da ido da maƙogwaro. Tun kafin nan ma an riƙa ba masu farfaɗiya gishirin azurfa su sha.

Tun a wancan zamani likitoci suka lura da cewa wasu daga cikin masu shan waɗannan magunguna fatarsu tana rinewa, ta koma toka-toka mai shuɗi-shuɗi. Suka kira ciwon arjiriya, daga sunan azurfa da Girkanci. A 1939 wasu likitoci biyu na Amurka, Hill da Pillsbury, suka tattara labarin mutum 357 da abin ya shafa. Da fanisilin ya wadata a shekarun 1940, sai aka yi watsi da shan azurfa, ta tsaya a matsayin maganin waje, kamar man shafa wa ƙuna da Charles Fox ya fito da shi a 1968, wanda har yanzu ake samu a asibitoci. A shekarun 1990 ne 'yan kasuwa suka farfaɗo da ruwan azurfa a Amurka da sunan ƙarin abinci. A 1999 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar ta yanke hukuncin cewa babu wani maganin azurfa irin wannan, da ake saye ba da takardar likita ba, wanda aka amince yana da amfani ko ba shi da illa.

4.0 HANYAR DA AZURFA TAKE BI

4.1 Baki da Tumbi

Wasu masu talla sukan ce a riƙe ruwan a ƙarƙashin harshe kafin a haɗiye, wai don ya shiga jini kai tsaye. Sai dai miyau kansa yana ɗauke da gishiri da furotin, waɗanda suke soma kama narkakkiyar azurfa tun daga nan, kuma yawancin abin da aka kurɓa tumbi yake gangarawa.

Tumbi yana fitar da ruwa mai tsami ƙwarai, kimanin lita 1.5 zuwa 2 kowace rana. Asid ɗin da ke cikinsa cike yake da kuloraid, watau ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka yi gishirin miya. Narkakkiyar azurfa da kuloraid kuwa da zarar sun gamu sai su ƙulle, su zama wani farin gishiri mai wuyar narkewa, wanda lita guda ta ruwa ba ta narkar da fiye da miligiram 2 nasa. In aka kwatanta da naitiret na azurfa, wanda lita guda take narkar da fiye da kilo 2, za a ga girman canjin da ya auku. Duk da haka ba dukanta take kwantawa ba, domin in kuloraid ya yi yawa, kamar yadda yake a tumbi, wani kaso na farin gishirin yakan sake narkewa. Abinci ma yana da nasa tasiri, gama yana rage tsamin tumbi, furotin ɗinsa kuma yana kama wani kaso na azurfar.

Shi kuwa burbushi abu biyu ne suke samunsa. Na farko, gishirin tumbi yana sa gutsattsarin su manne wa juna, su yi gudaji-gudaji, ƙanƙantar da ake yabonsu da ita ta tafi. Na biyu, asid da iskar oksijin suna cin bayansu, suna sakin narkakkiyar azurfa. Kowace mai girki ta san garin kanwa ya fi dunƙulenta saurin narkewa. Haka abin yake a nan: gwargwadon ƙanƙantar burbushi, gwargwadon saurin narkewarsa. Ashe ke nan ƙanƙantar ba ta sa azurfa ta wuce tumbi lafiya lau, hasali ma ita take gaggauta mayar da ita narkakkiya.

4.2 Ƙaramin Hanji

Daga tumbi sai ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 6, kuma a nan ne jiki yake tsotse yawancin abin da mutum ya ci. Cikinsa a lulluɓe yake da wasu ƙananan tsiro kamar gashin tawul, don wurin tsotsar ya yi faɗi. Amma hanji ba rariya ba ne da kome zai zurare ta cikinsa. Akwai yauƙi mai kauri da ya shafe bangonsa, wanda yake riƙe burbushi kamar yadda danƙo yake riƙe ƙuda. A bayan yauƙin kuma akwai jerin ƙwayoyin halitta da suka manne da juna gam, babu abin da yake ratsa su sai ta ƙofar da aka tanada masa.

Jiki bai tanadi ƙofa domin azurfa ba, saboda ba ya bukatarta. Baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da zinki kowanne yana da aikin da yake yi a jiki, rashinsa kuma yana kawo ciwo, amma babu wani ciwo da aka sani na ƙarancin azurfa. Abin da yake faruwa shi ne, narkakkiyar azurfa ta yi kama da narkakken jan ƙarfe ta wajen caji da ɗabi'a, har ƙofar jan ƙarfe, wadda masana suka laƙaba wa CTR1, takan bar ta ta wuce, kamar baƙon da ya sa rigar ɗan gida. Wannan ne ma dalilin da ya sa dabbobin gwaji da aka ɗura wa azurfa mai yawa sukan sami tangarɗa wajen sarrafa jan ƙarfe. Burbushi kuwa ɗan kaɗan ne yake samun shiga, musamman ta wasu gurabe na bangon hanji da ake kira facin Peyer, inda sojojin jiki suke ɗanɗana abin da yake wucewa don su san abokin gaba.

Gwaje-gwaje biyu sun ƙarfafa wannan bayani. A 2011 masu bincike a Danmak, ƙarƙashin Katrin Loeschner, sun ba wasu ɓeraye burbushin azurfa, wasu kuma narkakkiya, har kwana 28. Suka tarar azurfar ta sauka a gaɓoɓi iri ɗaya, sai dai ta fi yawa a jikin waɗanda aka ba narkakkiya. A 2012 kuma wani ayari a Wageningen ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Meike van der Zande, ya sake irin wannan gwaji. Abin da suka gano shi ne, yawan azurfar da ta shiga jiki ya dace da yawan narkakkiyar da ke cikin ruwan da aka bayar. Daɗin daɗawa, sun sami burbushi a gaɓoɓin ɓerayen da ba a taɓa ba burbushi ba, sai narkakkiya zalla. Ma'anar wannan ita ce, azurfa tana shiga a narke, sa'an nan ta sake dunƙulewa a cikin jiki.

4.3 Nawa ne Yake Shiga?

A 1968 Furchner da abokan aikinsa a Los Alamos ta Amurka sun ba ɓeraye manya da ƙanana, da birai, da karnuka, azurfar da aka yi wa alama da haske mai ratsa jiki, yadda na'ura za ta iya bin sawunta. Cikin kwana biyu kashi 90 zuwa 99 cikin 100 ya fita, yawancinsa ta bayan gida. Karnuka ne suka fi riƙewa, kimanin kashi 10. A kan irin wannan sakamako ne aka daɗe ana ƙiyasta cewa abin da hanji yake tsotsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Game da ɗan Adam, awon da aka fi ambata shi ne wanda East da abokansa suka yi a Birtaniya a 1980, a kan wata mata mai shekara 47 wadda fatarta ta riga ta rine saboda tsotsar wata alewar hana shan taba mai ɗauke da azurfa. Da aka ba ta azurfa mai alama, sai jikinta ya riƙe kashi 18 cikin 100, kuma bayan mako 30 adadin yana nan bai ragu ba. An ƙiyasta dukan azurfar da ta taru a jikinta ta kai giram 6 da ɗoriya. Mutum ɗaya ce, don haka ba za a ce kowa haka yake ba, amma ta nuna cewa ɗan Adam yana iya riƙe fiye da abin da dabbobin suka riƙe. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Utah sun ba mutum 60 masu lafiya ruwan azurfa na kasuwa, wasu har kwana 14. An sami azurfa a jinin da yawa daga cikinsu, ba a kuwa ga wani canji mai tayar da hankali a lafiyarsu ba. Sai dai mako biyu bai isa ya nuna abin da shekaru za su haifar ba, kuma gwajin bai shafi warkar da wata cuta ba.

4.4 Jini da Hanta

Azurfar da ta ratsa bangon hanji ba ta yawo sakaka. Jini kansa ruwan gishiri ne mai kuloraid, kuma kowace lita ta tsararren ruwansa, in an ware ƙwayoyin jini, tana ɗauke da kimanin giram 40 na wani furotin mai suna albumin, ban da wasu sinadarai masu farar wuta. Nan da nan waɗannan suke cafke ta. Ɗabi'ar nan ta manne wa farar wuta, wadda take sa ta kashe ƙwayar cuta a cikin kwalbar gwaji, ita ce take ɗaure ta a cikin jini, domin furotin ɗin mutum ya ninka na ƙwayar cutar yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka abin da ya rage a sake, wanda zai iya kai wa ƙwayar cuta hari, bai taka kara ya karya ba. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a aikace, gama babu wani ingantaccen gwaji a kan mutane da ya nuna shan ruwan azurfa ya warkar da wata cuta.

Jinin da ya taso daga hanji hanta yake fara zuwa. Hanta tana ɗaure wani kaso da nata furotin, ta zubar da mafi yawa cikin ruwan matsarmama, ya koma hanji, ya fita da bayan gida. Abin da yake bi ta fitsari kaɗan ne ƙwarai. Ragowar da ta kuɓuce wa hanta ita take yaɗuwa zuwa saifa da ƙoda da fata da sauran gaɓoɓi. A gwajin Holan da aka ambata, mako 8 bayan an daina ba ɓerayen, azurfar ta bar yawancin gaɓoɓinsu, amma tana nan a ƙwaƙwalwa da maraina.

5.0 INDA TAKE YADA ZANGO

Duk wanda ya taɓa ajiye zoben azurfa ya san yakan yi baƙi, musamman in ya taɓa ƙwai. Farar wutar da ke cikin ƙwan ko iska ita take haɗuwa da azurfar ta yi wannan baƙin. Abin da yake samun zobe shi yake samun azurfar da ta isa fata. Takan sauka a ƙarƙashin fatar waje, musamman kewaye da kafofin zufa, ta haɗu da farar wuta da wani sinadari mai suna saliniyam, ta zama wasu baƙaƙen ƙwayoyi waɗanda ruwan jiki ba ya iya narkarwa.

Rana ma tana da hannu a ciki. Gishirin azurfa yana yin baƙi in haske ya buge shi, kuma a kan wannan ɗabi'a aka gina sana'ar ɗaukar hoto ta dā, ta fim da wanki. A 2012 masana a Jami'ar Brown ta Amurka, ƙarƙashin Robert Hurt, sun nuna yadda matakan suke bin juna: narkewa a tumbi, shiga jini, isa fata, sa'an nan hasken rana ya mayar da narkakkiyar ƙarfe. Don haka ne rinewar ta fi tsanani a fuska da wuya da bayan hannu. Takan kuma bayyana a dasashi, da gindin farce, da farin ido, wuraren da suka fi sauƙin dubawa ga mai duhun fata.

Misalai biyu sun shahara a Amurka. Stan Jones, ɗan siyasa a Jihar Montana, ya soma haɗa ruwan azurfa a gida yana sha a 1999, don tsoron cewa rikicewar kwamfutoci a shigowar shekarar 2000 za ta kawo ƙarancin magunguna. Da ya tsaya takarar Majalisar Dattawa a 2002, launin fatarsa ya fi manufofinsa jan hankalin 'yan jarida. Paul Karason kuwa ya shafe shekaru yana sha yana kuma shafawa, har ya koma kamar wanda ya faɗa karofi. Ya fito a talabijin a 2008, ya rasu a 2013 yana da shekara 62, ta dalilin ciwon zuciya, kuma da launin ya koma ga Mahaliccinsa. Daina sha ba ya mayar da fata yadda take, magungunan da ake janyo dalma daga jiki da su ma ba sa aiki a kan wannan. Hasken leza ya taimaki wasu, amma aiki ne mai zafi da tsada.

Arjiriya ba ta cika kisa ba, amma illar azurfa ba ta tsaya ga launi ba. Tana kama wasu magunguna a hanji ta rage tsotsarsu, kamar tetirasaikilin da sifurofulokzasin, da kuma tayiroksin da ake ba waɗanda halittar wuyansu, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, ta gaza aiki. Ke nan marar lafiyar da ya haɗa ruwan azurfa da maganin asibiti yana iya raunana wanda zai warkar da shi. A 2004 kuma likitoci a Kanada sun ba da rahoton wani dattijo mai shekara 71 da ya kamu da farfaɗiya marar yankewa bayan ya yi wata 4 yana sha kullum, bai kuwa tashi ba.

6.0 ƊAN LISSAFI

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa abin da mutum zai iya haɗiya kullum tsawon rayuwa ba tare da fargaba ba shi ne maikurogiram 5 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70 ke nan yana da maikurogiram 350. Ƙaramin cokali na mililita 5 na ruwa mai ƙarfin kashi 10 cikin miliyan yana ɗauke da maikurogiram 50, don haka cokali 7 sun cike ma'aunin, ban da 'yar azurfar da ke cikin abinci da ruwan sha. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a cikin ƙa'idojinta na ruwan sha na baya, ta taɓa ɗaukar giram 10 a matsayin iyakar abin da mutum zai haɗiya a dukan rayuwarsa bai rine ba. Wanda yake shan kofi ɗaya na mililita 250 kowace rana yana haɗiyar miligiram 2.5, watau kusan giram ɗaya a shekara, kuma cikin shekara 11 ya cinye rabon rayuwarsa duka. In ƙarfin ruwan ya ninka sau uku, shekara 4 ma ba za ta cika ba. Mai haɗawa a gida da batir da wayar azurfa kuwa ba shi da ma'aunin da zai gaya masa ƙarfin abin da ya dama. Da yayyafi kogi kan cika.

7.0 KAMMALAWA

An ga cewa ruwan azurfa ba ya isa jini a kamar da ya bar kwalba. Tumbi yana dunƙule wani kaso na burbushin, ya narkar da wani, kuloraid kuma ya ɗaure narkakkiyar. Hanji yana tsotse kashi kaɗan, yawanci a narke, ta ƙofar da aka yi domin jan ƙarfe, sauran ya fita da bayan gida. Abin da ya shiga jini furotin yana riƙe shi tun bai gamu da wata ƙwayar cuta ba, hanta ta zubar da mafi yawansa, ragowar kuma ta zauna a gaɓoɓi da fata a kamar da ba ta narkewa. Watau abin da yake shiga ya yi kaɗan ga magani, amma ya isa ajiya. Da'awar cewa azurfar tana yin aikinta ta fice ba ta bar kome ba ta faɗi ta fuska biyu, gama aikin ba a gan shi ba, abin da ta bari kuwa an gan shi a fuskokin mutane.

Wannan bai rage wa azurfa daraja a inda ta dace ba, watau a kan ƙuna da gyambo a hannun ma'aikacin lafiya, inda take gamuwa da ƙwayar cuta ido da ido. Wanda ya riga ya sha na ɗan lokaci abin da ya kamace shi shi ne ya daina, ya kuma gaya wa likita, musamman in yana shan wani magani. Wanda bai fara ba kuwa, Hausawa sun riga sun ce maganin bari, kada a fara.